Tsakanin Jami'a Biyu

Shafi na 19

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba" tun shekaranjiya, na ji ku, ga shi nan. Amma wanda ya san zuciyarsa ba ta da ƙwari, ya nemi wuri ya zauna tukuna.

*

Ƙarfe ɗaya saura kwata Auta ta fito daga aji, alli har a gefen mayafinta. Yau ce ranar ƙarshe. Ƙarfe huɗu jami'ar nesa za ta rufe karɓar amsa: ko ta ce ta karɓi gurbin digiri na uku da suka ba ta, ko a miƙa wa na bayanta.

Ta riga ta yanke shawara tun da safe. Tafiya za ta yi. Abu ɗaya ya rage, ta faɗa wa Farfesa baki da baki kafin ta tura amsar, don ba za ta iya barin mutumin da ya raine ta a ilimin ƙididdiga tun tana aji biyu ya ji a bakin wani ba.

Dogo, abokin aikinta da suke ofis ɗaya, yana ganinta ya ture tulin takardun jarrabawar da yake makin.

"Autar sashe! An yanke, ko har yanzu ana lissafi?"

"An yanke."

"Da wane jadawalin? Na ranar Litinin da ya ce ki zauna, ko na ranar Laraba da kika sauya ma'auni ya ce ki tafi? Wallahi da ɗalibi ne ya yi miki haka, da kin ce ya murɗe sakamako."

Dariyar ba ta fito mata sosai ba.

"Dogo, a nan in ka cire Farfesa wa ya san fannina? Babu. Can su shida ne a kan abu ɗaya, duk mako ana zama a yi wa aikinka kaca-kaca har ya gyaru. A nan kwas huɗu nake koyarwa, yaushe zan yi bincike?"

"A nan kuma kujera na jiranki, ta dindindin. Can in kin gama shekara huɗu, titi za ki hau da takardu a jaka. Shugaban sashe ya faɗa miki a rubuce, ba za a ajiye miki wuri ba."

"Na sani."

"Ga Ummanki tana kusa."

"Na sani, Dogo. Ita da kanta ta ce in tafi, wai ta gaji da ganina ina zagaya tsakar gida ina magana ni kaɗai."

Ya juya biro a hannunsa, ya ce, "Tafi abinki. Ni shekara tara ke nan ina digiri na uku a ginin nan. 'Yata ta fara kirana Dakta, kuma tsokana take yi."

*

Ofishin Farfesa yana ƙarshen baranda. Sakatariyarsa, wadda ta saba tsare ta da hira, yau ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Anti, yana ciki?"

"Yana ciki. Mama ma tana ciki."

Mama matar Farfesa ce, haka duk sashen ke kiranta. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa ganinta a jami'a, amma tun da aka shiga zangon nan kullum tana nan, wai abincin rana take kawo masa.

Auta ta yi sallama ta shiga.

Ofishin yana nan yadda ta san shi. Kwalaye tun daga ƙasa har kusa da rufi, kowanne da shekara a jikinsa: bayanan haihuwa da girman jarirai daga ƙananan asibitoci, shekara ashirin da biyu yana tara su. Sai dai yau akwai sabon abu. Wani ƙaramin tebur a gefen taga, da kujera, har da fitilar karatu.

"'Yata! Shigo, shigo." Farfesa ya miƙe yana fara'a. "Kin ga wurinki? Ni na sa aka kawo. Ba za ki ƙara zama da wancan dogon yana cika miki kunne ba."

Ta gaishe da Mama, ta zauna a bakin kujera.

"Ranka ya daɗe, magana na zo da ita."

"Ina ji."

"Na... na yanke shawara. Zan karɓi gurbin can."

Fara'ar ta gushe a hankali.

"Can ina?"

"Jami'ar nesa, ranka ya daɗe. Wadda ka rubuta min takardar shaida."

"Wurin Mai Jan Biro?"

Haka yake kiran farfesar da za ta duba aikin Auta a can. Aji ɗaya suka yi da ita shekara arba'in da suka wuce, kuma tun lokacin, in ji shi, ba ta taɓa karanta takarda ta bar ta ba jan layi ba.

"E, ranka ya daɗe."

"Za ki je ki zama ta goma sha biyu a layi. Sai kin nemi izini kafin ki ga fuskarta." Muryarsa ta fara tashi. "Nan kuwa fa? Dubi kwalayen nan. Akwai digiri uku a ciki, akwai maƙala ashirin. Sunanki a gaba, nawa a baya. Wa zai ba ki wannan a can?"

"Ba don raini ba ne..."

"Tsaya in nuna miki. Babinki na uku, a kaina yake tun bara."

Ya ɗauki alli ya nufi allo. Hannunsa ya fara gudu irin yadda ta san shi, layi ɗaya, layi biyu. Zuciyarta ta karye, don wannan rubutun ne ya sa ta bar sha'awar likitancin da take yi tun tana yarinya.

A tsakiyar layi na uku ya tsaya.

Ta ɗauka tunani yake. Ta jira.

Allin yana nan a jikin allo, bai motsa ba. Ya dubi abin da ya rubuta kamar wani ne ya shigo ya rubuta ya fita. Ya juyo ya dube ta, ya yi wani murmushi na ban haƙuri.

"Me nake cewa ma?"

"Babi na uku, ranka ya daɗe."

"Babi na uku." Ya gyaɗa kai. "To ai sai kin gama digiri na biyu tukuna. Wa ke duba miki aikin?"

Auta ta ji kamar an zare mata kujera.

Shi ne ya duba aikin. Shi ya sa hannu. Shi ya tsaya a bayanta a hoton da ke rataye a bangon nan, a saman kansa.

Mama ta miƙe ba tare da gaggawa ba, kamar wadda ta saba. Ta zare allin daga hannunsa, ta kakkaɓe masa hannun riga.

"Malam, lokacin maganinka ya yi. Shiga ciki ka sha, ka wanke fuska."

Bai musa ba. Ya shige ƙaramin ɗakin da ke cikin ofishin, ta ja masa ƙofa.

*

"Mama... me ke faruwa?"

"Rage murya."

"Mama, don Allah."

Dattijuwar ta zauna a kujerar da aka kawo wa Auta, ta haɗa hannuwa a cinya.

"Wata takwas ke nan da likita ya faɗa mana. Ciwon mantuwa ne, irin wanda ba ya komawa baya. Wata rana ya tashi garau, ya fi ni da ke hankali. Wata rana ya tsaya a ƙofar gida da makulli a hannu, bai san me ake yi da shi ba."

"Innalillahi..."

"Daga ni, sai likita, sai sakatariya. Yau kin zama ta huɗu."

Abubuwa suka riƙa dawo wa Auta ɗaya bayan ɗaya. Darussansa na aji huɗu da ya ce ta riƙa shiga, wai yana horar da ita. Ɗalibansa huɗu na digiri na biyu da ya ce ta riƙa duba musu babi kafin ya gani. Taron sashe da ya daina magana a ciki, sai ya ce, "Bari mu ji ta bakin yara."

"Ashe ba horo ba ne," ta faɗa a hankali.

"Da farko horo ne. Daga baya ke kika zama sandarsa, ba ki sani ba."

"Likita ya ce zuwa yaushe?"

"Shekara ɗaya, in an yi sa'a, shekara ɗaya da rabi, kafin abin ya fi ƙarfin ɓoyewa. Saura wata goma sha huɗu ya yi ritaya. Burina ke nan a duniya, 'yar nan, ya fita ta ƙofar nan da ƙafarsa ana tafa masa. Kar a fitar da shi ana raɗa."

Hawaye suka zubo wa Auta, ba ta ma share ba.

"To Mama, in na zauna, wa zai duba min aiki bayan shekara ɗaya? Babu kowa a sashen nan. Haka zan rataye, ba gaba ba baya."

"Gaskiya ne."

"In na tafi kuma, ko wata ɗaya ba za a yi ba kowa zai gane."

"Shi ma gaskiya ne."

"To ya zan yi?"

"Ban ce ki zauna ba. Ban ce ki tafi ba. Da 'yar cikina ce ke, da na ce ki gudu tun jiya. Amma shi mijina ne." Ta sunkuyar da kai. "Ni ma ban san me nake roƙonki ba."

Wayar Auta ta yi ƙara a jaka. Ta ciro don ta kashe, sai ta ga imel ne daga ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'ar nesa. Ta ɗauka tunatarwa ce kan wa'adin ƙarfe huɗu.

Ta karanta layin farko. Ta sake karantawa.

*Mun yi takaicin jin cewa kin janye daga gurbin da muka ba ki, kamar yadda malaminki ya sanar da mu a wasiƙarsa ta ranar Litinin. Muna yi miki fatan alheri a karatun da za ki ci gaba da shi a jami'arku.*

"Mene ne?" in ji Mama.

Auta ta miƙa mata wayar, ta tashi ta buɗe ƙofar waje.

"Anti. Shigo."

Sakatariya ta shigo tana murza gefen zaninta. Kallo ɗaya ta yi wa wayar ta fashe da kuka.

"Wallahi ban san ba ki sani ba. Ranar Litinin da safe ya zo garau, har yana tsokanata. Ya ce kin zo kin same shi, kin ce kin fasa tafiya. Ya ce in rubuta wa farfesar can don kar a ɓata musu lokaci. Shi ya faɗa, ni na buga, shi ya tura da hannunsa."

"Ranar Litinin ko ginin nan ban shigo ba, Anti! Ina asibiti da Umma!"

"Sai jiya da na ji Dogo yana tambayarki ko kin yanke, sannan gabana ya faɗi."

"Tun jiya? Kika yi shiru tun jiya?"

"In ce miki me? In na faɗa miki wasiƙar, sai na faɗa miki ciwon. Na yi wa Mama rantsuwa."

Mama ta dafe kai. Ita ma ba ta san da wasiƙar ba.

Auta ta buga wa ofishin amsa, kalma biyar kacal: *Ban janye ba. Kuskure ne.* Ta tura. Agogon bango ya nuna biyu da minti goma.

Ƙofar ciki ta buɗe.

Farfesa ya fito fuskarsa da danshin ruwa, idonsa tar, tafiyarsa irin ta da. Ya dubi matan uku ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya mutu?"

Sakatariya ta share ido da gefen zaninta.

Ya zauna a kujerarsa ya gyara tabarau. "'Yata, ɗazu na ɗaga miki murya, ki yi haƙuri. Son kai ne irin na tsofaffi. Mai Jan Biro ta fi ni abin da za ta ba ki, na san haka, ita ma ta sani, shi ya sa take min girman kai. Ki tafi. Kin tura musu amsa?"

Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi.

"Ranka ya daɗe... sun ce na janye."

"Wa ya ce kin janye?"

"Sun ce kai ka rubuta musu."

Ya yi dariya. "Ni? Ni da na rubuta miki shaida shafi uku? Shirme. Wani ya yi kutse. Sakatariya, buɗe min akwatin saƙonnin da na tura."

"Malam, bari..." in ji Mama.

"Buɗe min, na ce."

Ta buɗe, ta juyo masa da kwamfutar.

Ya karanta. Auta tana kallon leɓɓansa suna bin kalmomin. Salonsa ne, ba mai iya kwaikwayonsa, har da 'yar zolayar da ya saka wa tsohuwar abokiyar karatunsa a ƙarshe: *wannan karon na riga ki.*

Ya ɗago ya dubi Auta.

"Kin zo," ya ce a hankali. "Kin tsaya a nan, gefen kwalin nan. Kika ce, ranka ya daɗe, na zauna. Na ji ki da kunnena."

"Ban zo ba, ranka ya daɗe."

"Ba ki zo ba."

"A'a."

Ya cire tabarau ya ajiye. Ya dubi matarsa.

"Kin faɗa mata?"

"Ta gani da idonta, Malam."

Mutumin da ake tsoron tambayarsa a taron ƙara wa juna sani ya sa tafin hannu biyu ya rufe fuska. Kafaɗunsa suka fara girgiza, ba sauti. Auta ta so ta yi fushi, ta nemi fushin a ranta ta rasa inda za ta ɗora shi. Wa za ta kama? Wanda ya rubuta wasiƙar ba ya ɗakin. Wanda ke ɗakin kuma yanzun nan ya ce mata ta tafi.

Wayar ta sake ɗaukar ƙara. Kira ne, baƙuwar lamba mai tsawo.

Ta ɗauka, yatsanta ya taɓa sifika ba da niyya ba, muryar ta cika ofishin. Muryar dattijuwa ce, a bushe, ba ta da lokacin gaisuwa.

"Ke ce mai neman gurbin digiri na uku? Ni ce wadda za ta duba aikinki, in akwai aikin. Saƙo biyu ne a gabana. Ɗaya ya ce kin janye, ɗaya ya ce ba ki janye ba."

"Ban janye ba, ranki ya daɗe."

"To ki saurara. Yau da safe an tura wa na bayanki tayin gurbin. Bai amsa ba tukuna. Ina iya tsayar da abin, amma ba da bakina kawai ba. Kwamiti zai zauna ƙarfe uku, kuma sai na kai musu dalili a rubuce. A cikinsu akwai wanda ke zuwa sashenku duba jarrabawa duk shekara, ba zai karɓi 'kuskure ne' ba. Ni ma ba zan karɓa ba."

Mama ta haɗa tafin hannuwanta a ƙirji tana girgiza kai, idonta a kan Auta.

"Shekara arba'in na san malaminki," muryar ta ci gaba. "Mai taurin kai ne, mai gardama ne, amma ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Don haka ki faɗa min. Ke kika ce masa kin zauna sannan kika sauya ra'ayi? In haka ne, ba na ɗaukar ɗalibar da ke wasa da maganarta. In kuwa ba haka ba ne, me ya sa ya rubuta abin da bai faru ba?"

Auta ta dubi Mama, ta dubi Farfesa.

In ta ce ita ce, gurbin ya tafi, sunanta ya tafi da shi. In ta ce shi ne, kafin magariba labarin ya iso barandar nan.

"Kina jina?"

"Ina... ina ji, ranki ya daɗe."

"To ina jira."

Farfesa ya sauke hannuwansa daga fuska. Ya miƙe tsaye, ya gyara wuyan rigarsa, ya miƙo hannu.

"Ba ni wayar."

"Malam, kar ka..." in ji Mama.

"Ni na ɓata, ni zan gyara. Ba ni, 'yata."

Ta dubi idonsa tana neman ta gane wanne ne a ciki, na ɗazu ko na yanzu. Ta kasa. Ta sa masa wayar a tafin hannu.

"Kai ne?" in ji muryar. "Ashe kana wurin. To, bismillah, yi min bayani."

Ya gyara murya. Ya ja numfashi irin wanda yake ja kafin ya fara lacca. Ya ɗaga yatsa ɗaya sama.

Yatsan ya tsaya a nan.

Ya dubi wayar da ke hannunsa. Ya dubi Mama. Sannan ya juyo wajen Auta da murmushin nan na ban haƙuri, ya tambaya da ƙarfi, sifika a buɗe:

"'Yata, wace ce wannan take min tsawa?"